Haihuwa da taimakon na'ura: mu ji tsoron jinkiri fiye da kayan likita

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ɗakin haihuwa a Maraɗi ko Damagaram ya san yadda hankalin dangi ke tashi idan ungozoma ta fito ta ce za a jawo jariri da na'ura. Kaka ta ce kan yaro zai lalace, kawu ya ce a ƙara haƙuri. A ganina wannan tsoro yana da tushe, amma sau da yawa yakan jefa mace cikin abin da ya fi shi muni.

Kayan iri biyu ne. Akwai ɗan kofi da ake mannawa a kan jariri, iska ta riƙe shi, a ja a hankali yayin da uwa ke yunƙuri. Akwai kuma ƙarfe mai kama da ludayi biyu da ke rungumar kan. Ana ɗauko su ne idan uwa ta galabaita, ko naƙuda ta tsaya a matakin ƙarshe, ko bugun zuciyar jariri ya nuna yana wahala.

Haɗarinsu gaskiya ne. Uwa na iya samun yagewa mai zurfi har zuwa dubura, musamman da ƙarfen, da zubar jini. Jariri na iya fitowa da kumburi a ka wanda yakan sace cikin kwana ɗaya ko biyu, ko tabo a fuska, ko shawara. A wasu lokuta ƙalilan jini kan taru a ƙarƙashin fatar kai, wanda ke bukatar kulawar gaggawa. Shi ya sa aikin yake da ƙa'idoji: bakin mahaifa ya buɗe gaba ɗaya, faya ta fashe, kan ya sauko sosai, a zubar da fitsarin mafitsara. Ba a sa kofin ga bakwainin da bai kai mako 34 ba. Idan an ja kamar sau uku kan bai sauko ba, a dakata a nufi tiyata.

To, mene ne zaɓin macen da ke asibitin karkara, tafiyar sa'o'i daga ɗakin tiyata? Gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, amma kyauta ba ta gyara hanya, ba ta kawo mota. Kan jariri da ya daɗe yana matse mafitsara shi ke haifar da yoyon fitsari, kuma matan da ke jinya a Danja shaida ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jawo jariri da na'ura cikin ayyukan gaggawa guda 7 da ya kamata ƙaramin asibitin haihuwa ya iya yi.

Don haka hukumomi su horas da ungozomomi har hannunsu ya faɗa, su kuma ba su kayan aiki masu kyau. Ma'aikata su yi wa mace bayani da harshenta kafin su taɓa ta, su duba ta ita da jaririn bayan haihuwa.

Ku kuma matasa, da ƴan uwa da ke Abijan, Aljeriya ko Libiya, kuɗin ragon suna na iya jira. Ku fara ware kuɗin motar da za ta kai ta asibiti tun ciki na wata bakwai, ku kuma gaya wa na gida kada su bari naƙuda ta kwana.