Jinjina ga Masu Ban Ruwa da Maginan Tukwanen Abuja

Baƙon da ya sauka Abuja da yini guda a hannunsa, yana son ganin gari, yawanci wuri biyu ake kai shi: lambun Millennium da ke Maitama da hantsi, sai ƙauyen Ushafa idan rana ta yi sanyi. Mutanen da suka riƙe wuraren nan nake so in jinjina wa, domin ba a cika jin labarinsu ba.

Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe lambun a watan Disamba na 2003, lokacin taron ƙasashe rainon Ingila, zamanin Obasanjo. Wani ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, ya zana shi, rafi ya ratsa ya raba shi biyu. Duk wanda ya san ranin Abuja, tun daga hunturu har zafin Maris, ya san ciyawa ba ta zama kore don kanta. Akwai masu jan mesa tun da asuba, da masu aske ciyawa, da masu bin inuwa suna tsince leda da ƙasusuwan kaza kashegarin Sallah. Saboda guminsu ne magidanci daga Nyanya ko Kubwa ke samun inda zai shimfiɗa tabarma da iyalinsa, ango da amarya su samu wurin ɗaukar hoto. Sannunku da aiki, Allah Ya saka da alheri.

A Ushafa kuwa, kusa da madatsar ruwan Usuma a yankin Bwari, iyayenmu mata na Gbagyi ne suka cancanci gaisuwa mafi girma. Tsaya ka kalli ɗaya tana gini irin na gargajiya. Tukunyar tana zaune wuri ɗaya, ita ce ke kewaya ta a sunkuye, tana murza yumɓu ya yi tsawo, ta naɗa a baki, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har cikin tulu ya buɗe, wuya ya tsuke. Ta goge da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta yi zane, ta ajiye a inuwa ya sha iska kafin a kai shi wuta. Wannan sana'a ce ta fito da Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, ta yi ta zana ƙadangaru da kifaye da kunamu a jikin tuluna har hotonta ya hau takardar naira 20. Sana'ar ce kuma ta sa aka kai shugaban Amurka Bill Clinton Ushafa a watan Agusta na 2000. Robobi sun cika kasuwa, amma matan nan ba su ajiye yumɓu ba.

Sai dai da sauran aiki, kuma ba a wuyansu yake ba. Idan baƙon ya ce a kai shi kufai ya ga inda mutanen da suka zauna, nan mai masauki zai fara sosa ƙeya. Dokar 1976 ta zamanin Murtala ce ta kafa birnin, gwamnati ta tare a Disamba na 1991, amma ba a kan fili marar mai shi aka gina shi ba. An tashi ƙauyuka. Mutanen tsohuwar Wuse suna Sabon Wuse a jihar Neja yau, kuma mai ciniki a kasuwar Wuse zai iya shekara goma bai ji wannan ba, don babu abin da zai gaya masa.

Sunan ma na aro ne. Abuja ta asali ita ce Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya kewaye da ganuwa, bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Hanyarta ta bi ta gindin Dutsen Zuma. Yara nawa ake kai wa can su ji wannan tarihi daga bakin 'yan gari? Mutanen Gana sun adana gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a bakin teku a 1482, duk da ɗacin tarihinsa, Kanawa sun mai da Gidan Makama gidan tarihi. Mu kuwa hasumiyar Millennium da cibiyar al'adunta, da aka soma ginawa a 2006, ta shafe shekaru a tsaye ba a kammala ba, abin yana ci mini rai duk sanda na wuce.

Ina roƙon hukumar birnin tarayya da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa su zauna da sarakunan Gbagyi, a bi tsofaffin mazaunai da maƙabartu a rubuta su, a kafa allo mai ɗauke da sunan kowane ƙauye a inda yake a da, a naɗi muryar dattawa tun suna raye. Malaman makaranta su sa Suleja cikin yawon ɗalibai. Mu masu zuwa kallo kuma, idan mun je Ushafa, mu sayi tulu a kan kuɗin da mai shi ta faɗa, mu daina taya shi rabin farashi.