Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Ilimi Na Jihar Kano Kan Yaran Da Suka Yi Wa Ajinsu Nisa A Lissafi

Mai girma Kwamishina,

Tun da gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, maganar da aka fi yi ita ce ta gyaran ajujuwa, kujeru da ɗaukar malamai. Duk wannan ya kamata. Ni kuwa ina so in ja hankalinka zuwa wasu yara da ba a cika tunawa da su ba, saboda ba su da matsalar da ido ke gani: ɗaliban ƙaramar sakandare da suka yi wa tsararsu nisa a lissafi.

Kowane malami ya san irin wannan yarinya. Ana rubuta aiki a allo, kafin malam ya kakkaɓe allin hannunsa ta gama. Sai ya ce ta tattara littattafai, ko ta rubuta sunan masu surutu. Haka za ta yi shekara uku tana jiran aji. Wani yaron kuma, da ya ga babu abin da ke sa shi gumi, sai ya koma bayan aji ya zama shugaban masu hayaniya, a ƙarshe a ce ba ya ji.

Kano ba baƙuwa ba ce wajen reno irin waɗannan yara. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika ƙasar nan. Amma tantancewar shiga waɗannan makarantu tana zuwa ne a ƙarshen ƙaramar sakandare. Kafin lokacin, mai hazaƙa ya yi shekara uku yana tafiyar hawainiya. Makarantar gwamnatin tarayya ta masu hazaƙa da ke Suleja kuwa guda ɗaya ce ga ƙasa baki ɗaya.

Maganin da muka saba da shi shi ne tsallaken aji. Wannan yana da illa. Yaron da ya gwanance a lissafi ba lalle ne ya gwanance a Turanci ba, kuma idan aka yi ta tsallake da shi, zai gama sakandare bai kai shekara 16 da ake nema kafin shiga jami'a ba. Makarantar allo ta fi mu dabara a nan: kowa da allonsa, wanda ya riƙe karatunsa ya wanke a ɗora masa gaba, ba ya jiran na kusa da shi, ba a kuma raba shi da tsararsa.

Ga shawarwarina.

Na farko, a yi wa kowane ɗalibin aji ɗaya gwajin lissafi a zangon farko, birni da ƙauye, maza da mata. Tambayoyin su zama na tunani, ba na hadda ba, a kuma rubuta su da Hausa da Turanci, don kada harshe ya ɓoye mai basira. A riƙa maimaitawa kowace shekara, domin wani sai a aji biyu yake buɗewa.

Na biyu, wanda ya ci a matsar da shi kai tsaye, ba sai iyayensa sun nema ba. Idan aka ce sai an nema, 'ya'yan masu sanin hanya ne za su cika gurbin, ɗan mai faskare ya tashi a tutar babu. Jihar Texas ta Amurka ta yi doka a 2023 cewa duk yaron da ya shiga kashi 40 cikin ɗari na sama a jarrabawar lissafi ta aji biyar, a sa shi a ajin masu ci gaba, sai fa in iyayensa sun ƙi.

Na uku, a matsar da shi a lissafi kaɗai. Idan shugaban makaranta ya tsara jadawali yadda darasin lissafi na aji ɗaya zuwa uku zai faɗo a sa'a guda, yaro zai iya tashi ya shiga aji na gaba, in an kaɗa ƙararrawa ya koma cikin abokansa. Wannan ba ya bukatar sabon gini.

Na huɗu, kada a yi gudu a bar rami. Kafin a ɗora wa yaro aljabra mai zurfi, a tabbatar ya iya lissafin rabi da kwata da sulusi, da kaso cikin ɗari, da lambobin da ke ƙasa da sifili. Wanda abin ya yi wa nauyi a bar shi ya dawo ba tare da an kunyata shi ba.

Na biyar, a tanadi abin da zai yi in ya gama manhajar aji uku da wuri: malami guda da aka horar a kowace shiyya, da shiga gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa.

Wasu za su ce wannan wariya ce, a bar kowa ya tafi tare. An gwada haka. A 2014 hukumar makarantun birnin San Francisco na Amurka ta hana koyar da aljabra a aji na takwas da sunan daidaito. Iyaye masu hali suka biya wa 'ya'yansu darasi a waje, na talakawa suka zauna jira. A 2024 hukumar ta janye matakin. Mu ma a nan, mai kuɗi ya riga ya ɗauko wa ɗansa malamin lesin. Ɗan makarantar gwamnati ne ba shi da kowa sai ku.

Ranka ya daɗe, a fara da makarantu kaɗan a kowace shiyya a zangon karatu mai zuwa, a duba sakamakon bayan shekara, sannan a faɗaɗa. Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin lissafi a Kano