Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba

Kwanan nan gardama ta yi yawa a tsakaninmu, a ɗakin karatu da wajen cin abinci, a kan wasannin kwaikwayon Ingila waɗanda a ke ɗauka a hoto a nuna a gidan sinima. Waɗansu suna cewa tun da ga wasa a allo, ai wahalar karanta littafi ta ƙare. Waɗansu kuwa suna cewa inuwa ce kurum, ba ta kai a ɓata kwabo a kanta ba. Mu dai a ganinmu duka biyu sun yi kuskure, za mu kuwa faɗi dalili, da fatan malamanmu da 'yan'uwanmu za su saurara.

Da fari bari mu bayyana abin domin wanda bai sani ba. A birnin Landan, a bakin Kogin Thames, akwai babban gidan wasa na ƙasa da a ke kira National Theatre. A cikin watan Yuni na 2009 shugabannin gidan suka fito da wata dabara. Suka kakkafa na'urorin ɗaukar hoto a cikin zauren, 'yan wasa na wasansu a gaban jama'a kamar kullum, hoto da murya kuwa suna tafiya ta tauraron ɗan Adam zuwa gidajen sinima a wannan daren. Wasan da aka fara da shi Phèdre ne, na Racine Bafaranshe, Helen Mirren ce ta fito a sarauniya. A 2013 ƙungiyar wasan Stratford, mahaifar Shakespeare, ta bi sahu da Richard II. Wannan fa dabam ya ke da fim. A wajen fim in mutum ya yi kuskure sai a tsaya a sake. Nan kuwa ba sakewa, abin da ya fita bakin ɗan wasa ya fita.

Amfanin abin ba ya ɓuya. Zaure mafi girma a gidan nan bai fi cin mutum 1,200 ba, wanda ya ke nesa kuwa, ko aljihunsa bai kai ba, dā sai labari. Yanzu ga shi ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Wa ke cikinmu da bai taɓa yin gyangyaɗi a kan littafin Shakespeare ba, yana laluben tsohon Turanci kalma kalma? Amma da ya ji maganar nan a bakin gwani, ya ga inda ya tsaya, da inda ya ɗaga murya, da inda ya yi shiru, sai ma'ana ta buɗe. Gama ba domin a karanta a zaune aka rubuta wasannin nan ba, domin a yi su ne a gaban mutane. Har a 2020, sa'ad da annoba ta sa aka rufe gidajen wasa, hotunan nan ne aka riƙa sakewa kyauta ta intanet, mutane suna kallo a gida. Saboda haka masu rena abin ba su yi adalci ba.

To, amma akwai abu uku da ya kamata mai kallo ya riƙe a zuciyarsa.

Na fari, idon da mu ke kallo da shi aro ne. Wanda ke zaune a zauren yana da ikon duban inda ya ga dama. Sarki na magana, shi kuwa ya zuba wa bafaden da ke gefe ido, ya ga yadda fuskarsa ta sake. A sinima kuwa akwai wani mutum a ɓoye, shi ke zaɓen na'urar da za a nuna hotonta, inda ya nuna nan za mu duba. Ko da gwani ne, abin da ya bari ya ɓace mana.

Na biyu, 'yan wasa ba su san muna nan ba. A tsohon gidan Globe, wanda aka gina a 1599, talakawa kan biya kwabo ɗaya su tsaya daf da dandali, ɗan wasa na ganinsu suna ganinsa. A wasan ban dariyan nan na 2011, One Man, Two Guvnors, James Corden kan kira mutane daga cikin 'yan kallo su hau su taya shi ɗaukar akwati. Na sinima fa, ko ya yi dariya har ya faɗi, ba mai jinsa. Mu da muka san tashe a watan azumi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Rabin daɗinsa yana cikin amsar da masu gida ke bayarwa.

Na uku, shi ne ya fi damunmu, abin da aka nuna fahimtar waɗansu mutane ce, ba littafin ba ne. In za a yi Hamlet duka ba ragi, sai ya ci kimanin sa'a 4, don haka yawanci a kan datse shi. A 2015, da Benedict Cumberbatch ya fito a Hamlet a gidan Barbican, a kwanakin farko an ɗauko shahararren jawabin da ke kashi na uku an sa shi a buɗin wasa, sai daga baya aka janye shi daga nan. Har wa yau a Frankenstein na 2011, shi da Jonny Lee Miller suna musaya, yau wannan ne dodo wancan mai ƙirarsa, gobe su juya. An ɗauki duka biyun, wanda ya kalle su ya san magana ɗaya ce amma wasa biyu ne. To, ɗalibin da ya ajiye littafi ya dogara ga dare ɗaya na sinima, me zai rubuta ran jarrabawa? Balle mu da gobe za mu tsaya gaban yara. Malamin da bai san abin da aka datse ba, ragaggen zai koyar, yana tsammani cikakke ne.

Shawararmu ita ce wannan. Wanda ya sami hanyar kallo ya je, amma ya karanta littafin tukuna. In ya dawo ya sake buɗe shi, ya tambayi kansa me aka rage, me aka ƙara, kuma don me. Sa'an nan mu taru mu ɗauki ko kashi ɗaya ne mu yi shi da kanmu a zauren makaranta, da rawani da bargo da takobin kara. Ba shakka ba za mu kamo ƙafar mutanen Landan ba, za a yi tuntuɓe, za a manta magana. Amma wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan'uwansa gwiwa na rawa, ya faɗi layi 10 da ka, ya san abin da kallo 100 ba zai koya masa ba, zai kuwa iya koya wa yaransa haka a duk makarantar da aka tura shi, ko da babu sinima a garin.

Mai zuwa Kano in ya hango Dala ya kan yi murna, ya kuwa cancanta ya yi, amma ba ya sauke kaya a nan. Allah ya sa mu gane, ya ba mu himma. Amin.