Nauyin Harsashi Da Abin Da Yake Bari A Fadamar Nguru

Da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai baƙi su sauka a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Baƙin nan kuwa tsuntsaye ne, ƙananan agwagin ruwa da 'yan'uwansu masu dogayen ƙafafu, waɗanda suke tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare teku da Sahara, su zo su tarad da 'yan gida, watau dinya da kirinjijiya da zalɓe. Saukarsu ita ce buɗewar kasuwar maharba. To, a daidai wannan lokaci ne ya kamata a yi maganar abin da maharbi yake ɗura wa bindigarsa, gama magana ce da ba ta tsaya a kan maharbin shi kaɗai ba.

Maharban Amurka sun daɗe suna wata gardama, wadda yanzu wayar hannu ta kawo ta har majalisar samari. Suna da wata ƙaramar bindiga mai ɗura kanta, wadda in aka ja kunama sai ta fid da harsashi ɗaya, ta shigar da wani da kanta. Faɗin harsashinta milimita 5.56 ne, watau ko kaurin fensir bai kai ba. Abin da suke gardama a kansa shi ne, shin in aka sa mata harsashi mai nauyi, za ta iya kayar da dabba kamar barewa ko gyado nan take, ko kuwa sai dai ta yi mata rauni ta gudu ta mutu a cikin jeji?

Masu wannan sana'a suna auna harsashi da wani ƙaramin ma'auni da ake kira giren, wanda 15 da ɗoriya suke yin giram ɗaya. Harsashin da aka saba sa wa bindigar giren 55 ne, watau giram uku da rabi. Masu son nauyi sukan nemi mai giren 62, ko 69, har zuwa 77, wanda ya kai giram biyar. Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Harsashi mai nauyi bai cika yarda iska ta karkatar da shi ba, ba ya saurin gajiya a hanya, kuma in an ƙera shi don farauta yakan kutsa ya kai ga huhu da zuciya, alhali marar nauyi mai tsananin gudu yakan tarwatse tun a kan ƙashin kafaɗa.

Amma fa akwai sharaɗi. A cikin bututun irin wannan bindiga akwai tsagi da aka yi a murɗe, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyi kamar mazari. Duk wanda ya ga tsohuwa tana kaɗi ya san mazari yana tsaye cak muddin yana juyawa da sauri, da juyin ya ragu sai ya fara tangaɗi. Haka harsashi yake. Tun da faɗin bututu ba ya canzawa, ƙarin nauyi ƙarin tsawo ne, dogon harsashi kuwa ya fi gajere bukatar saurin juyi. Wannan ba sabon ilmi ba ne, wani malamin lissafi ɗan Ingila mai suna Greenhill ya fitar da ƙa'idarsa tun a 1879. Tsofaffin bututun suna juya harsashi sau ɗaya a cikin inci 12, wanda ya kai juyi fiye da 3,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma wannan ya ishi mai giren 55. Mai giren 77 kuwa sai bututun da ke juya shi sau ɗaya a inci 8 ko 7. In aka sa shi a wanda bai dace da shi ba, sai ya yi ta hantsilawa a sama ya bugi abin hari da gefe, in ma ya same shi ke nan.

Ko an cika wannan sharaɗi, nauyi ba ya mai da ƙaramar bindiga babba. Kwanson nan dai shi ne, albarushin da zai iya ɗauka bai ƙaru ba, abin da aka samu a nauyi an biya shi da raguwar gudu. Ƙarfin bugunta kusan rabin na manyan bindigogin farauta ne masu faɗin milimita 7.62. Shi ya sa dokar Ingila ba ta yarda a harbi manyan barewa da ita ba. Ta sa mafi ƙarancin faɗi ya zama inci .240, sai dai wasu ƙananan iri biyu da aka sassauta a kansu a 2007, su ma da sharaɗin kada harsashin ya gaza giren 50. Manufar dokar ita ce kada a azabtar da dabba. Malaman fiƙihu ma sun riga sun bambance tsakanin makamin da ya huda abin farauta da wanda ya kashe shi da bugun nauyinsa kurum, kamar yadda ya zo a amsar da aka ba Adiyyu ɗan Hatimu, na farko a ci, na biyu mushe.

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Nguru da wannan? Gaskiya ne, irin wannan bindiga ba kayan aikin maharbin ƙasar nan ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai haramtattu, irin na soja, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda sai da lasin daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma dokar ta cire bindigar tsaba mai ɗura kanta daga wannan kashi. Sa'an nan akwai bindigar toka, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake ba da takardarta. A halin da arewa maso gabas ta shiga tun daga 2009, wanda aka gani a jeji da bindiga mai ɗura kanta, ba labarin zomo za a tambaye shi ba. Bugu da ƙari, ƙasar Nguru da Bade shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunin da zai tare harsashin da ya kuskure. Ɗan ƙaramin harsashin nan yana iya tafiyar fiye da kilomita uku, yana kuma tsalle a kan ruwa kamar tsakuwar da yaro ya wurga, ga masunta a cikin kwalekwale, ga masu yankan shinkafa, ga Fulani da shanunsu.

Inda gardamar ta shafi fadama shi ne wajen son nauyin kansa. Maharbin Amurka da maharbin Gashuwa abu ɗaya suke nema, ƙarfe mai nauyi a ƙaramin jiki, kuma dukansu a wuri ɗaya suka same shi, watau dalma. In aka ɗauki curi biyu masu girma ɗaya, na dalma ya fi na baƙin ƙarfe nauyi da kusan rabi. Ga ta da araha, ga taushi, ga saurin narkewa a wuta. Kwanson bindiga mai baki biyu da aka saba gani a hannun maharba cike yake da tsabarta, tsakanin 150 zuwa 300 gwargwadon girman ƙwayar. Kaɗan ne daga ciki suke samun tsuntsu. Sauran duk sai su zuba cikin ruwa su kwanta a laka, dalma kuwa ba ta ruɓewa.

Agwagwa ba ta da haƙori. Takan haɗiyi tsakuwa ta ajiye a ƙundu, da ita take niƙa abinci. In tana lalube a laka ba ta bambance tsakuwa da ƙwayar dalma. Ƙundu ya niƙe ƙwayar, gubar ta shiga jini, sai tsuntsun ya rame, fukafukai su saki, ya kasa tashi, ya shige cikin kacala ya mutu inda ba mai gani. Ƙwaya ɗaya tak tana iya yin wannan aiki. Wani masani a Amurka, Frank Bellrose, ya ƙiyasta a 1959 cewa kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na agwagin ruwan ƙasarsu haka suke mutuwa kowace shekara. Shaho da ungulu da suka ci gawar su ma su kwashi rabonsu.

Wannan ne ya sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar a 1991. Danmak ta hana tsabar dalma gaba ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu daga watan Fabrairu na 2023. Yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda aka ƙulla a birnin Hague a 1995, ta nemi a daina amfani da ita a fadamu, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka shiga. Abin mamaki ke nan, tsuntsu ɗaya ne, an kare shi daga dalma a inda yake yin ƙwai, sai ya zo ya tarad da ita a inda yake cin rani.

Fadamar nan kuwa ba ƙaramin suna gare ta a duniya ba. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin fadamu masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tafkin Dagona, kusa da Gashuwa, inda Yarima Philip na Ingila ya zo kallon tsuntsaye a 1989, yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, kuma an hana harbi a cikinsa. Sai dai tsuntsu bai san iyakar gandu ba. Dama can ruwan ya ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta toshe mashigai da yawa. In ruwa ya ƙanƙance, tsuntsaye sukan taru a 'yan wurare, maharba su bi su can, dalmar ma a nan take taruwa shekara bayan shekara.

Wanda bai damu da tsuntsu ba, to ya dubi tukunya. Ƙwayar da ta shiga nama ba ta tsayawa a dunƙule, takan bar ɓurɓushi a hanyarta, wanda ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A 2008 hukumomin jihar Dakota ta Arewa a Amurka sun janye naman barewa da ake raba wa mabukata, bayan hoton asibiti ya nuna ɓarɓashin dalma a cikinsa. Dahuwa ba ta kashe wannan guba, miya mai tsami ma narkar da ita take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma da za a ce ba shi da illa a jikin mutum, kuma yaro ne ya fi shan wahalarta, domin ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Mutanen Arewa ba su bukatar a ba su labari. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Maharbin da yake fasa tsohon batirin mota ya narkar da dalmarsa a murhun tsakar gida don ya yi wa bindigar toka harsashi, ƙaramar irin wannan ƙura yake tayarwa inda 'ya'yansa suke rarrafe. Dalma tana kuma cutar da ƙoda. Babu mai ɗora wa harsashi alhakin ciwon ƙodar da ya daɗe yana addabar Gashuwa da kewaye, amma garin da yake ɗauke da wannan kaya bai kamata a ƙara masa ko da tsinke ba.

Maganin da wasu ƙasashe suka samu shi ne tsabar baƙin ƙarfe ga bindigar tsuntsu, da harsashin jan ƙarfe zalla ga ta manyan dabbobi. Amma a nan ma maganar farko ce ta dawo, watau dacewar harsashi da bututu. Tun da baƙin ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, sai an ƙara girman ƙwayar, an kuma matso kusa kafin a harba. Yana da tauri, ba ya lotsewa, saboda haka tsohuwar bindiga mai siririn bututu da matsattsen baki ba ta iya ɗaukarsa, balle ta toka da maƙeri ya haɗa, wadda ko da ɗurin da ta saba takan fashe ta tafi da yatsu. Jan ƙarfe shi ma ya fi dalma tsawo in nauyinsu ɗaya, don haka yana bukatar bututu mai saurin juyi. Hana dalma da baki kawai, ba tare da an kawo abin da zai maye gurbinta a kan kuɗin da talaka zai iya ba, wasa ne da hankalin mutane, kuma maharbi zai ci gaba da abin da ya sani.

Aikin yana kan waɗanda suke ba da izinin shigo da kwanso, su ne za su iya sa a kawo na baƙin ƙarfe. Yana kan jami'an gandun daji da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Yobe, su zauna da maharba tun kafin tsuntsaye su sauka, ba sai an kama mutum da agwagwa a hannu ba. Fadar Nguru da ta Bade kuma suna da hanyar da gwamnati ba ta da ita, gama maharbi yakan ji maganar Sarkin Baka fiye da ta mai kaki. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da uwargida za ta iya yi yau. Ta yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga ta binne, kada ta jefa wa kare ko kaji, ta buɗe ƙundu ta duba kafin ya shiga tukunya, sa'an nan ta hana mai ciki da ƙananan yara cin naman da aka harbo da dalma.