Bincike namu, harshe nasu: wahalar wallafa ilimi da Turanci

Bara na tura wata maƙala zuwa wata mujallar kimiyya a Turai, kan gurɓatar ruwan rijiyoyi a unguwanninmu na arewacin Kamaru. Bayan wata huɗu amsa ta zo. Masu tantancewa ba su ga aibin alƙaluman ba, sai dai suka ce in nemi wanda Turanci yake harshen uwarsa ya gyara mini rubutun. To ina zan samo shi? A gida Hausa nake yi, a kasuwa Fulatanci, a makaranta kuma Faransanci aka koya mana. Turanci shi ne na huɗu.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. A shekarar 2023, Tatsuya Amano na Jami'ar Queensland da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar PLOS Biology, inda suka tambayi masana muhalli 908 daga ƙasashe takwas. Sun gano cewa waɗanda Turanci ba harshensu ba ne kan ɓata lokaci mai yawa wajen karatu da rubutu, kuma an fi mayar musu da maƙala saboda harshe fiye da ninki biyu.

Ga kuma maganar kuɗi. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe tsarin da kowa zai karanta kyauta a 2021, marubuci ne zai biya yuro 9,500. Wane malamin jami'a ne a Ngaundere ko Njamena zai iya? Shi ya sa wasu ke faɗawa hannun mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai, don dai a samu ƙarin girma a wurin aiki.

Yanzu an ce ChatGPT ya kawo sauƙi, kuma gaskiya ya taimaka mini wajen gyaran nahawu. Manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier sun yarda a yi amfani da shi don gyara harshe, muddin marubuci ya bayyana hakan, amma ba a sa shi a jerin marubuta. Sai dai kuma ga wata sabuwa: masu bincike a Jami'ar Stanford sun nuna a 2023 cewa manhajojin gano rubutun na'ura sun ɗauki fiye da rabin rubutun ɗalibai baƙi a matsayin na na'ura. Wato idan Turancinka mai sauƙi ne, ana iya zarginka da satar fasaha. Gaba kura, baya sayaki.

Ni dai a ganina, jami'o'inmu su buɗe ofishin gyaran rubutu kyauta ga malamai da ɗalibai, su kuma riƙa ƙirga mujallun Afirka masu inganci, irin waɗanda ke dandalin AJOL, wajen ƙarin girma. Sannan kowane bincike ya zo da taƙaitawa cikin Hausa ko Fulatanci. Matan da ke ɗiban ruwa a rijiyoyin da na auna har yau ba su san abin da na gano ba, kuma su ne ke shan ruwan.