Katifa mai tsada, ita ke kawo barci?

Yau a kan katifa za mu yi magana, kuma kada kowa ya yi dariya. Mutumin da ya shekara 60 a duniya, in yana barcin awa 8 kowace rana, ya yi shekara 20 ke nan kwance. Kun ga abin da muke kwanciya a kansa ba abin rainawa ba ne.

Ga tambayar. In mutum ya ƙara kuɗi ya sayi katifa mai tsada, barcinsa zai ƙara daɗi? Ga nawa gani, kuɗi na taimako, amma da iyaka. In an wuce iyakar nan, sauran kuɗin ado kawai suke saye.

Bari in ba ku labari. A unguwarmu ta Kirkissoye, nan Harobanda, wata maƙwabciyata ta tashi aurar da ɗiyarta. Ta kwashi adashenta duka, ta ƙara da bashi. Ta haye gadar Kennedy, ta shiga kasuwa, ta zaɓo katifar da ta fi kowace kauri. Ran da aka kai kayan ɗaki, mata suka yi ta guɗa. Bayan wata biyu, cikin bazara, na gamu da ita, na ce: "Inna, ina labarin amarya?" Ta ce: "Lafiya lau take, ɗana. Amma tsakar gida suke kwana bisa tabarma, ɗaki ba ya shiguwa don zafi. Ni ko ba ni barci, kullum da safe mai bashi na sallama." Katifa na ɗaki, amarya na waje, uwa na ido biyu.

Ban ce a ƙi sayen abu mai kyau ba. Masu cewa araha ba ta ado suna da gaskiyarsu. Akwai katifar soso marar nauyi, wadda ba ta jimawa sai ta yi rami a tsakiya. Mai kwanciya cikin ramin nan, bayansa a lanƙwashe yake kwana. Ku duba manomin shinkafa da ya wuni duƙe cikin ruwa, ko mai turin kura, ko mace mai daka. In suka kwanta cikin rami, da ciwon baya za su tashi. A nan kam, ƙara kuɗi don a samu soso mai ƙwari dabara ce. Wanda ya sayi ta banza sau uku ya fi wanda ya sayi ta kirki sau ɗaya hasara.

To wace iri ce ta kirki? Likitoci sun bincika. A shekara ta 2003, a ƙasar Sifen, an gwada mutum 313 masu fama da ciwon baya. Wasu aka ba su katifa mai tauri ƙwarai, wasu aka ba su mai matsakaicin tauri. Bayan kwana 90 aka duba. Waɗanda suka kwana bisa matsakaiciyar su suka fi samun sauƙi. Ku lura, taurin katifa aka auna. Katifar da ta riƙe baya daidai, ba ta nutse ba kuma ba ta zama katako ba, ta gama aikinta. Kauri mai yawa da yadi mai ƙyalli da sunan waje ba su ƙara ma baya kome.

Yanzu mu zo gida. Me ke hana mu barci a nan Kirkissoye?

Na farko, sauro. Muna kusa da kogin Isa, ga gonakin shinkafa, ga ruwan damina da ke kwantawa cikin unguwa. Sauron da ke kawo masassara da dare yake cizo. Bai san katifa mai tsada ba, bai san tabarma ba. Maganinsa gidan sauro mai magani, wanda muke ce ma sange. Kuɗinsa bai kai na katifa ba ko kusa, har ma'aikatan lafiya kan raba shi kyauta, musamman ga mata masu ciki. Yaro ɗaya ya kwanta masassara, gida duka ba mai barci. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, zafi. A Yamai, cikin watan Afrilu da Mayu, zafin rana kan wuce digiri 40. Ɗakin kwano kuwa har tsakar dare bai huce ba. Soso na riƙe zafin jiki. Wasu ma ba su cire ledar da katifa ta zo da ita, wai kada ta tsufa. Sai mutum ya kwana cikin zufa. A cire ledar nan, a shimfiɗa zanen auduga, a bar iska ta shiga ɗaki. Iyayenmu da suka kwana bisa tabarma da katifar audugar rimi sun san abin da suke yi.

Na uku, laima. Ba mu manta da ambaliyar 2012 ba. Ba mu manta da ta watan Satumba 2020 ba, da kogi ya cika ya shigo unguwannin Harobanda. Soso na shan ruwa, kuma yana da wuyar bushewa. Katifar da aka ajiye a ƙasa, ko ba ambaliya, sanyin ƙasa na shigarta da damina. Sai ta yi wari, ta yi fumfuna. Gadon katako ko na ƙarfe, ko da ƙarami ne, shi ke tsare ta.

Na huɗu, kuɗin cizo. Shi ma ba ya tambayar nawa aka sayi katifa. Cikin ɗinki da ramukan gado yake ɓuya. A riƙa fid da katifa da gado rana, a kakkaɓe, a wanke zannuwa da ruwan zafi.

Na biyar, halinmu. Saurayi ya zauna fada, ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku har sha biyun dare. Dattijo ya ci goro bayan lisha. Shayi da goro duk suna da sinadarin da ke korar barci. Wani kuma ya kwanta da waya a hannu yana kallo har asuba ta kusa. Babban mutum na bukatar barcin awa 7 ko fiye. In awa 4 ka ba jikinka, ba katifar da za ta cika maka sauran.

In za ka sayi katifa, ga shawarata. Ɗaga ta ka ji nauyinta, don soso mai nauyi ya fi jimawa. Danna ta da hannu, ka ga ko za ta dawo nan da nan. Kada ka ji kunyar mai kanti, kwanta a kai ka juya. In ƙugu ya nutse, bar ta. In kafaɗa ta ji kamar daɓe, ita ma bar ta. In ka kai ta gida, riƙa juya ta bayan wata uku-uku, kai ya koma ƙafa, don kada ta lotse wuri ɗaya. Jariri kuwa, a kwantar da shi rigingine, a wuri mai ɗan tauri. Shimfiɗa mai laushi ƙwarai na iya toshe mashi numfashi.

A ce jika 60 gare ka. Kada ka zuba su duka kan katifa. Raba su: katifa matsakaiciya, gado ya ɗaga ta, sange ya rufe ta, zane biyu na canji. Wanda ya yi haka ya fi wanda ya sayi katifar jika 60 ya jefa ta ƙasa samun barci.

Iyaye mata, ku ma ga taku. Na san ana tsoron gorin dangin miji. Amma guɗa wuni ɗaya ce, bashi kuwa ya kan kai shekara. Ku yi ma ɗiyarku abin da ƙarfinku ya kai, daidai ruwa daidai tsaki. Ku kuma dangin ango, ku bar auna kaurin katifa da ido. Ku tambaya ko an sa sange cikin kaya.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu barci mai daɗi. Amin.