Kafin a gina tashar nukiliya a Nsuban, wa ke duba abin da ke shiga kurar ɗan gwangwan?

Kwanakin baya na je gaisuwa wajen wani ɗan yayata da ke sana'ar gwangwan a Ashaiman, wato 'yan kondem kamar yadda muka saba kiransu. Muna hira sai na buɗe wayata na nuna masa wata alama: fuka-fukai uku baƙaƙe a kan launin rawaya. Na ce, "Ɗana, me wannan ke nufi?" Ya duba ya ce, "Kawu, ai fanka ce." Abokansa biyu suka leƙo, ɗaya ya ce tambarin kamfani ne. Babu wanda ya san alamar tururin nukiliya ce, alhali kullum hannunsu na cikin ƙarfen da ba su san daga inda ya fito ba.

Tun daga ranar nake sauraron maganar nukiliya a Ghana da wani kunne daban. An sanar da Nsuban a Yankin Yamma a 2023 a matsayin wurin da aka fi so a gina tashar lantarki ta nukiliya, Obotan a Yankin Tsakiya kuma na jiran ko-ta-kwana. A watan Agustan 2024 aka sa hannu kan yarjejeniya da wani kamfanin Amurka don kawo ƙananan injinan NuScale. Ni ba na adawa da wannan. Wanda ya sha dumsor ya san darajar wuta. Amma tashar tana gaba, kayan nukiliya kuwa sun daɗe a cikinmu. Akwai ƙaramin injin bincike a Kwabenya tun tsakiyar shekarun 1990. Ana ƙona cutar daji da tururi a Korle Bu da Komfo Anokye. Kamfanonin haƙar zinariya, masu aikin mai da masu gina hanya suna amfani da na'urorin awo da ke ɗauke da ɗan ƙwayar sinadari a rufe cikin ƙarfe da dalma. Muddin ƙwayar na cikin gidanta, lafiya lau. Matsala tana farawa ranar da na'urar ta tsufa, kamfani ya rufe, mai gadi ya ga ƙarfe mai nauyi a sito ya kira mai kura.

Haka ta faru a Goiânia ta ƙasar Brazil a watan Satumban 1987. Wani asibitin daji ya tashi ya bar tsohuwar na'urarsa a kango. Mutum biyu suka kwance ta suka sayar wa mai gidan gwangwan. A ciki akwai garin sisiyom-137 da ke sheƙi shuɗi a cikin duhu. Mutumin ya kai gida, ya rarraba wa dangi don sha'awa. Sai da aka yi kusan mako biyu ana amai da gudawa kafin matarsa ta zargi abin, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya. Mutum 4 suka rasu, har da ita da wata yarinya 'yar shekara 6. An gwada mutum kusan 112,000, aka samu 249 da sinadarin a jikinsu, aka rushe gidaje.

A Samut Prakan ta Tailan a 2000, an ajiye tsohon kan na'urar kobalt-60 a filin ajiye motoci, masu tsintar ƙarfe suka ɗauka, aka yanka da wutar walda, mutum 3 suka mutu. A Mayapuri, kasuwar gwangwan ta birnin Delhi, a 2010, jami'a ce da kanta ta yi gwanjon tsohuwar na'ura, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka kwanta asibiti. A duk ukun akwai hukuma, akwai doka. Lissafi ne ya ɓace: an ba da lasisi ranar shigo da kaya, ba a bi sawunsu ba ranar da aka daina amfani da su. Kuma a duk ukun talaka mai guduma da kurfi ne ya fara biya.

Ghana ta yi abu ɗaya daidai. A 2015 majalisa ta zartar da Doka ta 895 da ta kafa Hukumar Sa Ido kan Nukiliya, aka raba aikin da Hukumar Makamashin Atom wadda ita kanta tana amfani da kayan. Wannan rabuwa na da muhimmanci. Bayan hatsarin Fukushima na 2011, kwamitin binciken majalisar Japan ya gano cewa masu sa ido sun zama 'yan amshin shatan kamfanonin da suke dubawa, domin suna ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata nukiliyar. A 2012 aka rushe hukumar aka kafa sabuwa. Ba a ba kura ajiyar nama. Sai dai 'yanci a takarda bai isa ba. Hukumar da ba ta da isassun sufetoci da motar zuwa Tarkwa ko Obuasi ba tare da sanarwa ba, abin da kamfani ya rubuto mata shi za ta sani.

Abin da nake nema daga hukumar, na farko, shi ne ta riƙa faɗa wa jama'a abin da ya faru. Takwararta ta Amurka tana wallafa rahoton aukuwa a intanet kowace ranar aiki: na'urar awo ta ɓace daga bayan mota, bawul ya ƙi rufuwa a tashar lantarki, an ba majinyaci tururi fiye da kima. Yawanci ƙananan abubuwa ne, amma da su ake gane kamfanin da sakaci ya zame wa ɗabi'a. Dubi Ostireliya a Janairun 2023: ƙwayar sisiyom da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba ta faɗo daga mota a hanya mai tsawon kilomita 1,400. Hukumomi suka fito suka gargaɗi kowa, aka baza masu nema, aka same ta ranar 1 ga Fabrairu ba tare da ta cutar da kowa ba. Hukumar da ta saba bayyana ƙaramin kuskure ita za a yarda da ita ranar babba.

Na biyu, a tsare ƙofar narka ƙarfe. Tun 2013 aka hana fitar da gwangwan na baƙin ƙarfe daga Ghana, don haka yawancinsa masana'antun Tema yake tafiya ya dawo rodin gini. A Meziko an narka kobalt-60 da ya fito daga Ciudad Juárez cikin rodi a ƙarshen 1983, ba a gane ba sai da wata motar rodi ta bi ta ƙofar cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka na'ura ta yi ƙara. Kafin nan an riga an yi gine-gine da shi. Ya kamata na'urar gano tururi a ƙofar kowace masana'antar ƙarfe da manyan dillalai ta zama sharaɗin lasisi, a kuma riƙa zuwa ana gwada ko tana aiki.

Na uku shi ya fi shafarmu. Tun da aka rushe Agbogbloshie a 2021, 'yan gwangwan suka warwatsu unguwa-unguwa, kai musu saƙo ya ƙara wuya. Da yawansu yaranmu ne na Zango da na Arewa, kuma takardar Turanci ba za ta isa gare su ba. A yi bayanin da Hausa da Dagbani da Twi, a rediyo, a wajen shugabannin ƙungiyarsu, a bakin limamai bayan sallar Juma'a. A nuna musu alamar fanka, da ɗayar da aka ƙara a 2007: jan alwatika mai ƙoƙon kai da mutum yana gudu. A ba su lambar waya ɗaya. Sannan a yi alkawari a fili cewa wanda ya kawo rahoto ba za a kama shi ba, domin yaron da ke tsoron ɗan sanda, in ya ga abin da bai gane ba, a kwata zai jefa shi.

Kafin in bar Ashaiman na gaya wa yaran abin da na sani. In ka ga ƙarfe ƙarami mai nauyin da ya wuce girmansa, ko mai wannan alama, kada ka fasa, kada ka sa a aljihu, kada ka kai ɗaki. Ka matsa nesa, ka hana yara zuwa. Tururin ba ya wari, ba a ganinsa. In mutum biyu ko uku a wurin aiki ɗaya suka kama amai da ƙuna a hannu ba tare da wuta ta taɓa su ba, a gaya wa likita irin ƙarfen da aka taɓa. Ɗan yayata ya ce, "To Kawu, wa za mu kira?" Na yi shiru, don ni ma sai na bincika. Ranar da yaro mai tura kura a Ashaiman ko Aboabo ya san amsar wannan tambaya ba tare da ya tambayi kawunsa ba, zan yarda mun shirya wa Nsuban. Allah Ya kiyaye mu.